Malam Sabi'u, Wayarsa da Wakena

Kakar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar abokina Malam Sabi'u, malamin kimiyya a sakandaren ƙauyenmu da ke tsakanin Bagwai da Shanono. Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Yaran da ya bari a aji wasu sun tara gemu, wasu suna goye da 'ya'ya. Amma duk lokacin da na zauna tuna shi, ba kuka ne ke fara zo mini ba, dariya ce. Don haka mai karatu ya yi mini uzuri idan wannan waiwaye bai zo da hawaye ba. Mamacin ne bai bar mana abin kuka da yawa ba.

Ni Hausa na koyar, shi kimiyya. Fiye da shekara ashirin teburinmu na jingine da juna a ofishin malamai, gonakinmu kuma layin lalle ne kawai ya raba su. Makarantar tana da wani ɗaki da aka rubuta a ƙofarsa cewa na gwaje-gwajen kimiyya ne, amma in ka leƙa ba abin da za ka gani sai karyayyun kujeru da gidajen zanzaro. Saboda haka duk kimiyyar Malam Sabi'u a kan allo take, da alli. Matsalar kuwa ita ce Allah bai ba shi hannun zane ba. In ya zana zuciyar ɗan Adam sai ta fito kamar goruba, in ya zana huhu kamar an shanya wando a igiya. Yara su yi ta ƙunshe dariya, shi kuma ya juyo ya ce, "Ku yi haƙuri, Allah da kyau Ya halicce ta, ni ne na ɓata."

Saura 'yan shekaru ya yi ritaya babbar 'yarsa da ke aikin jinya a Kano ta kawo masa waya irin ta shafawa. Nufinta dai in ta kira ta riƙa ganin fuskarsa. Ba a yi mako guda ba ya shigo ofis yana haki, ya tsaya a kaina.

"Malam Lawan, ajiye jan biron nan ka zo ka ga zuciya."

Na duba. Ga ta kuwa a kan gilashin wayar, tana bugawa, jini na shiga ta nan yana fita ta can, ƙofofinta na buɗewa suna rufewa. Ya ce, "Ka gani? Shekara ashirin ina yi wa 'ya'yan mutane ƙarya da goruba."

Ni dai abin bai burge ni ba a lokacin, ko kuma in ce na ƙi yarda ya burge ni. Na ce masa, "Da girmanka, Malam Sabi'u, za ka koma shafa gilashi kamar samarin tasha?" Ya ce ai gemu ba ya hana ilimi, ya wuce abinsa.

Wanda ya san ƙauyenmu a yau zai yi wuya ya gane wahalar da ya sha. Yanzu an kafa ƙarfen sabis a bakin titi, malami na zaune a ofis yana sauke abin da yake so, ga sola a kan rufi tana ba da caji. A wancan lokacin kuwa wuri ɗaya ne sabis ke leƙowa, wani ɗan tudu a bayan gonakinmu, gindin wata ɗorawa. Kullum bayan la'asar Malam Sabi'u zai hau kekensa ya tafi can, ya ɗaga waya sama ya tsaya ƙiƙam. Manoma masu dawowa daga gona har sun saba, suna yi masa gaisuwar masunta: "Malam, yau an yi kamu?" Ya ce, "Kai ya fito, wutsiya ta maƙale." Ranar da babu makaranta kuma yakan bi motar hatsi zuwa Dawanau, ba saye ba sayarwa, ya samu inuwar wata rumfa ya zauna har sai ya cika wayarsa da darussa. Da yana nan yau ya ga sabis ya biyo mutane har cikin ɗaki, na san abin da zai fara yi shi ne ya tsokane mu, ya ce mu ne 'yan gata, ilimi ya zo mana har kan gado muna minshari.

Abubuwan da ya riƙa kamowa ba su da iyaka. Akwai wata manhaja da mutum ke haɗa batir da waya da ƙwan fitila a kan gilashi, in ya haɗa daidai ƙwan ya kama, in ya yi kuskure ya ƙone ba tare da yatsan kowa ya ƙone ba. Akwai wadda ke nuna yadda wata ke zagaya duniya. Ya kuma shiga wani zauren intanet na malaman kimiyya daga ƙasashe daban-daban, inda kowa ke kawo tambayarsa da dabararsa. Aji cike da yara, gilashi kuma bai fi tafin hannu ba, don haka layi-layi ake zuwa kallo, kamar masu karɓar allurar rigakafi. Duk da haka yaran da a da suke gyangyaɗi a darasinsa suka koma rige-rigen zama a gaba.

Sai albasa ta shigo cikin zancen.

Ya ci karo da wani bidiyo inda wani mutum ya huda albasa, ya jiƙa ta a lemon kwalba, ya soka mata igiyar caji, waya ta kama caji nan take. Murna ta hana Malam Sabi'u tsayawa ya gwada. Ya sayo manyan albasa guda huɗu, ya gayyace ni, ya kuma gayyaci Firinsifal, mutum mai son tsari wanda ba zan kama sunansa ba don yana raye kuma muna gaisawa. Aka jiƙa, aka huda, aka soka. Minti biyar, minti goma, waya ko gezau. Malam ya sauya albasa, ya sauya igiya, gumi na bin wuyan rigarsa. Can sai Binta, wata yarinya 'yar manomi da ba ta iya haɗiye tambaya, ta ɗaga hannu.

"Malam, ko dai albasar tasu ta Turai ce, tamu ba ta jin Turanci?"

Ajin ya fashe. Ni kaina sai da na toshe baki da hula. Firinsifal ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙe ya ce, "Malam Sabi'u, daga yau kada in ƙara ganin waya a aji. Karatu iyaye suka turo 'ya'yansu, ba kallon dabo ba."

Na raka shi gida ranar, yana tura keke, albasa na rataye a kan sitiyari. Mai ɗakinsa Talatu ta ji labari, ta karɓi ledar ta ce, "To mene ne na ɓata rai, Malam? In ba su yi caji ba ai za su yi miya." Tare muka ci tuwon. Ban taɓa shan miya mai ɗanɗanon lemon kwalba ba sai ranar.

Abin da ya yi washegari shi ne abin da ya sa har gobe nake girmama shi. Wani malamin da sai ya ɗora wa igiya laifi, ko ya haɗe rai ya hana a ƙara tayar da zancen. Shi kuwa ya tsaya gaban yaran ya ce, "Jiya na aikata abin da nake hana ku. Na ji, na yarda, ban gwada ba. Wanda ya je Dawanau sayen hatsi ba ya tsayawa ga bakin dillali, sai ya soka ɗan ƙarfen nan cikin buhu ya zaro ƙwaya ya gani da idonsa. Intanet ma kasuwa ce, akwai tsaba akwai ƙaiƙayi. Jiya ƙaiƙayi malaminku ya sayo." Daga nan ya yi musu bayanin dalilin da ya sa albasa ba za ta iya cajin waya ba. Yaran da suka zauna a ajin nan sun sha gaya mini cewa sun manta darussa da yawa, amma ba su manta wannan ba.

Ina yawan tuna ranar a 'yan kwanakin nan. Matasan malamai sun nuna mini wani sabon abu da ya shigo, wanda za ka rubuta wa waya tambaya ta ba ka amsa doguwa, har da Hausa, kamar kana hira da wani shehi. Sun ce wasu ɗalibai sun daina wahalar da kansu, abin da ta faɗa shi suke kwafewa. Na tabbata da Malam Sabi'u ya riski wannan, da sai batir ya mutu kafin ya ajiye ta, don mutum ne da tambaya ba ta ƙare masa. Amma na kuma tabbata tambayoyin da ya riga ya san amsarsu zai fara yi mata, ya ga ko za ta yi masa ƙarya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle.

Dokar Firinsifal ya bi ta sau da ƙafa, waya ba ta ƙara shiga aji ba. Sai dai zauren gidansa ya koma ɗakin gwaji, ni kuma na zama shaida ba da son raina ba. Duk abin da ya gani a waya sai ya gwada shi sau uku a gabana. A nan ne wata rana ya ɗiga ɗigon ruwa a kan idon kyamarar, ya kara ta kusa da ƙafar wani mataccen ƙuda, ya ce in duba. Na ga gashi zaƙo-zaƙo da ƙazanta maƙale a jiki. Tun daga ranar ban ƙara barin furata a buɗe ba, kuma ban ƙara kiransa saurayin tasha ba.

Ana cikin haka Binta ta yi mako guda ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo ta rame, idanu sun faɗa. Ashe gidansu gaba ɗaya suka kwanta da amai da ciwon ciki bayan sun ci wake da shinkafa. Mahaifinta ya barbaɗa wa wakensa maganin ƙwari don kada ya huje, aka ɗebo aka dafa. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Duk manomin wake a yankinmu ya san wannan tsaka mai wuya. In ka ajiye wake haka kawai, ƙwari su mayar maka da shi gari. In ka ji tsoro ka kai Dawanau da kaka, ka sayar a lokacin da ya fi kowane lokaci araha. In ka zuba magani, ka zuba wa tukunyarka.

Ban cika ganin ɓacin ran Malam Sabi'u ba, amma ranar na gani. Ya hau tudunsa ya rubuta tambaya a zauren malaman nan. Bayan kwana biyu wata malama daga wata ƙasa can gabashin Afirka ta amsa masa, ta tura masa bayanin masu binciken aikin gona. Maganar a taƙaice ita ce ƙwaro ma numfashi yake yi kamar mu. In aka busar da wake sosai, aka cika jarka mai tsabta har wuya, aka toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba, iskar ciki za ta ƙare, ƙwarin su mutu da su da abin da suka haifa. Babu magani, babu tsada.

Wannan karon bai yi gaggawa ba. Ya gwada da ƙananan kwalabe a zaure na tsawon makonni, ya ga ƙwarin da ya rufe sun mutu, na buɗaɗɗiyar kwalba kuwa suna ta biki. Sannan ya je ofishin Firinsifal.

"Ranka ya daɗe, ba waya zan kawo aji ba. Jarka zan kawo."

Firinsifal ya dube shi ta saman tabarau, ya ce, "Jarka ba ta cikin abin da na hana."

Saura wake. Shi a shekarar gero da gyaɗa ya noma, ni ne Allah Ya ba wake. Ya same ni a bakin gona ina ɗaure buhu.

"Malam Lawan, kimiyya na neman wake."

"Kimiyya ta je ta noma nata."

"Buhu ɗaya kawai. Rabi a jarka, rabi a bar shi a buhu babu magani, yara su ga bambanci."

"Wato rabin wakena za ka ciyar da ƙwari da gangan?"

"In ba a bar wani ya lalace ba, ta yaya za a san jarka ce ta ceci ɗayan?"

Kwana uku yana bina kafin na sallama. Mai ɗakina da ta ji sai ta riƙe haɓa ta ce, "Mutumin da albasa ta kunyata shi ka danƙa wa cefanen gidanka?" Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan.

Yaran ne suka yi aikin da hannunsu. Suka shanya waken, suka wanke jarkoki suka busar, suka ɗura har wuya, suka naɗe bakin da leda da roba, kowa ya sa hannu a takardar da aka manna. Aka share ɗakin nan na gwaje-gwaje, aka kori zanzaro, aka jera kayan a ciki, wanda shi ne karon farko da ɗakin ya yi aikin da aka rubuta a ƙofarsa. Makulli kuma aka ba Firinsifal, don kada wani ya ce an yi dabo. Tun daga kaka har zafin bazara waken na ciki. Duk sanda na gifta ta ƙofar sai in tuna wakena. Shi ma na san yana cikin zullumi, don da ya sake kunyata a gaban yara da iyaye, babu mai ƙara sauraronsa, kuma waya ta bar makarantar nan ke nan.

Ranar buɗewa aka gayyaci iyaye. Mai unguwa ya zo, mahaifin Binta ya zo ya tsuguna can gefe. Aka fara kwance buhu. Wani irin gari ya tashi, ƙwari suka yi ta fitowa, kowace ƙwaya da huji uku ko huɗu. Na ce, "Inna lillahi, wakena!" Mutane suka yi dariya, ni kuwa har ga Allah ba wasa nake ba. Sai Malam Sabi'u ya ce Binta ta kwance jarkar farko ta juye a tabarma. Wake ya zubo fari tas, yana sheƙi kamar ranar da aka sussuka shi, sai 'yan matattun ƙwari a ƙasa.

Mahaifin Binta ya taso ya damƙi waken, ya shinshina, ya ciji ƙwaya ɗaya.

"Malam, tsakaninka da Allah babu magani a ciki?"

"Ko ɗigo babu."

"To me ya kashe su?"

Malam Sabi'u ya dubi yarinyar. Ta ce, "Baba, numfashi ne ya ƙare musu." Ta tsaya gaban dattawan ƙauye ta yi bayani tiryan-tiryan, mahaifinta na kallonta baki buɗe. Gani ya kori ji.

Da taro ya watse Firinsifal ya matso ya yi gyaran murya. "Malam Sabi'u, ina wayar nan taka?"

"Tana gida, ranka ya daɗe. Kai ka kore ta."

"Gobe ka zo da ita. Amma ban da albasa."

Rabin buhun da ya huje kajina ne suka ci moriyarsa. Malam Sabi'u ya ce in kwantar da hankalina, sunana ya shiga tarihin kimiyya. Na ce da a rumbuna ya shiga da ya fi mini.

Shekara biyu ya ƙara yi bayan wannan, kuma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na shekarun nan ba. Ya koya wa matasan malamai yadda ake nemo darasi da yadda ake tantance shi, har ni sai da ya sa na iya nemo tsofaffin kalmomi a waya. Rashin lafiyarsa ba ta yi tsawo ba. Litinin yana aji, Juma'a muka kai shi makwancinsa, ana tsakiyar girbi.

In na auna abin da ya rage nasa da ma'aunin ido, ba shi da yawa. Wayar ta daɗe da mutuwa, tana cikin akwatin Talatu, duk darussan da ya sha rana a kan tudu yana tarawa sun tafi tare da ita. Ɗakin gwaje-gwaje har yau bai samu kayan da ya kamata ba, kuma na san wannan zai dame shi, don ya sha cewa hoton wuta ba ya dafa tuwo, gilashi taimako ne kawai, hannun yaro ne ya kamata ya taɓa. Ba kuma zan ce shi ya ƙirƙiro ajiyar wake a jarka ba. Ilimin wasu ne, kuma daga baya malaman gona da rediyo sun yaɗa shi ko'ina. Abin da zan iya shaida a kai shi ne a tsakanin ƙauyukanmu shi ya fara kawo shi, ya kuma sa mutuncinsa da wakena a kai.

Makon jiya na je kasuwar ƙauyenmu sayen jarka, don bana ma Allah Ya ba da wake. Mai sayarwar wata matashiyar mace ce da ban sani ba, daga wani ƙauye na kusa da mu. Tana miƙo mini ta ce, "Baba, ta wake ce? To ka bari ya bushe ƙayau tukuna. Ka cika ta har wuya, ka ɗaure bakin da leda, kuma kada ka riƙa buɗewa kana leƙe, in iska ta shiga aikin ya ɓaci."

Na ce, "'Yata, wa ya koya miki wannan?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta wa ya koya mata daka. Ta ce, "Ai haka ake yi, Baba. Wurin innata na gani."

Na buɗe baki zan ba ta labari tun daga farko, sai na fasa. Ilimin da ya shiga gida har aka manta baƙo ne, ya zama ɗan gida ke nan, kuma ban san wani abu da malami zai nema ya wuce wannan ba. Na karɓi jarkata na ce mata, "Na gode da kika koya mini. Allah Ya jiƙan wanda ya koya wa innarki, Ya haskaka kabarinsa."

Ta ce amin, ba tare da ta san wa take yi wa addu'a ba.